Tsofaffin Mawaƙan Blues na Karkarar Amurka da Faya-fayansu: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya fara cin karo da waɗannan waƙoƙi yakan ji murya ɗaya da jita ɗaya suna fitowa daga cikin ƙara da shuu kamar ana soya wani abu, sai tambayoyi su yi masa yawa. Waɗanda ke ƙasa su ne aka fi maimaitawa.

Wane irin kiɗa ne blues na karkara?

Waƙa ce ta baƙaƙen fatan kudancin Amurka, wadda galibi mutum ɗaya ke rerawa yana kaɗa wa kansa jita. Ta tsiro a ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, a hannun 'ya'ya da jikokin bayin da aka 'yanta a 1865. Baitinta yakan zo da ɗango uku: a faɗi na farko, a maimaita shi, sannan na uku ya rufe zancen da amsa-amo. Tsakanin ɗango da ɗango mawaƙin yakan yi shiru, jitar ta karɓa, ita ce 'yar amshinsa.

Abin da ake waƙewa shi ne abin da ke gaban mutum: matar da ta tafi, jirgin ƙasan da ya ɗauke ta, bashin mai gona, ɗan sanda, giya, ƙwaron da ke cinye auduga, ambaliya. Amma kada a ɗauka kiɗan zaman makoki ne. Kiɗan rawa ne na daren Asabar, a bukkokin da ake soya kifi ana caca. Mai kiɗa W. C. Handy ya ba da labarin cewa wajen 1903, yana jiran jirgi a tashar Tutwiler ta jihar Misisipi, ya ji wani mutum yana goga wuƙa a kan tsirkiyoyin jita yana maimaita ɗango ɗaya sau uku. Wannan yana cikin shaidu mafi daɗewa a kan kiɗan.

Mawaƙan karkarar ne suka fara yin faifan blues?

A'a, mata ne suka riga su. A watan Agustan 1920 kamfanin Okeh ya ɗauki Mamie Smith tana rera "Crazy Blues", faifan ya yi kasuwar da ba a zata ba, nan kamfanoni suka farga cewa baƙar fata ma yana da kuɗin sayen faifai. Ma Rainey da Bessie Smith suka biyo baya a 1923. Su mawaƙan dandali ne, da kwalliya da ƙungiyar mabusa da mai fiyano a bayansu.

Mai jita shi kaɗai ya shigo a hankali. Sylvester Weaver na Louisville ya yi faifan kiɗan jita zalla a ƙarshen 1923, Papa Charlie Jackson ya biyo a 1924 da banjo (kayan kiɗa mai kama da molo) mai tsirkiya shida. Wanda ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne Blind Lemon Jefferson, makaho daga Texas, wanda faya-fayansa suka fara fitowa daga kamfanin Paramount a 1926. Sun sayu sosai, har ya mallaki mota da direba, ya kuma bar waƙoƙi kusan 100 kafin mutuwarsa a Chicago a watan Disamban 1929. Ganin abin da ya samo wa Paramount ne ya sa sauran kamfanoni suka bazama kudu neman irinsa.

Me ya sa makafi suka yi yawa a cikinsu?

Jefferson, Blind Blake, Blind Willie McTell, Blind Willie Johnson, Blind Boy Fuller, Gary Davis. Dalilin a bayyane yake. Aikin da aka bar wa baƙar fata a karkarar kudu shi ne noma, saran katako da gina ganuwar kogi, kuma duk suna bukatar ido. Makaho ba shi da mafita sai bara ko kiɗa a bakin titi, kuma wanda kiɗa ne kaɗai abincinsa dole ya fi wanda ke taɓawa bayan ya taso daga gona ƙwarewa.

Masu idon kuwa yawancinsu daga gidajen manoman raba amfani suka fito. Mai gona ya ba da fili da iri da alfadari, iyali su ci bashi a kantinsa duk shekara, in kaka ta yi a raba audugar, shi kuma ke riƙe da littafin lissafi. Sau da yawa mutum ya gama shekara ana binsa. Jita hanya ce ta kuɓuta daga wannan zama na hannu baka hannu ƙwarya.

Duk iri ɗaya ne, ko kowane yanki da salonsa?

Kunne kan rabe uku cikin sauƙi. Na farko salon Delta, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar auduga da ke tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, daga Memphis zuwa Vicksburg. Kiɗansu mai nauyi ne, ana dukan jitar kamar ganga, murya a shaƙe, ana kuma yawan sa wuyan kwalba a yatsa a goga kan tsirkiya har ta yi kuka irin na mutum. Charley Patton, Son House, Tommy Johnson da Robert Johnson nan suke. Na biyu salon Texas, inda murya ke tashi sama ta saki jiki, jita kuma ta bi ta da gudu na tsirkiya ɗaya-ɗaya, irin na Jefferson. Na uku salon gabas, jihohin Georgia da Carolina da Virginia, mai sauƙi da zaƙi, babban yatsa yana riƙe da taki sauran yatsu suna zuba waƙa a sama. Blind Blake ne gwaninsa.

Wannan rabo na masu nazari ne, kuma akwai waɗanda ba su shiga ko'ina ba. Mississippi John Hurt ɗan Misisipi ne amma hannunsa laushi ne da shi kamar na mutanen gabas. Skip James na Bentonia kuwa da siririyar murya yake waƙa, a kan wani ɗaurin tsirkiya mai sa jiki sanyi, ba shi da na biyu a faya-fayan zamanin.

Yaya ake ɗaukar waƙa a lokacin?

Kafin 1925 babu makirufo. Mawaƙi yakan fuskanci wani babban mazurari ya ɗaga murya, iskar ta girgiza allura, allurar ta yi zane a kan faifan kaki mai juyawa. Jita ba ta da ƙarfin da za ta fito da kyau ta wannan hanya, shi ya sa banjo ta fi ta fitowa a faifai. Da makirufon lantarki ya zo sai ƙaramin sauti ya samu shiga, kayan aikin kuma suka zama abin da za a loda a mota. Kamfanonin Victor da Columbia da Okeh suka riƙa zuwa Atlanta, Memphis, Dallas da New Orleans, su kama ɗakin otal ko wani zaure, su rataya barguna a bango, su yi kwanaki suna ɗaukar duk wanda aka kawo. A lokacin zafi sai an sanyaya kakin da ƙanƙara don kada ya yi laushi.

Faifan yana juyawa sau 78 a minti, faɗinsa inci 10, kowace fuska tana ɗaukar kusan minti uku. A nan ya kamata mai sauraro ya tsaya ya yi tunani. Mutumin da ya saba jan waƙa ɗaya minti goma ko fiye muddin ana rawa, an zaunar da shi gaban baƙin Turawa, an ce in fitila ta kama ya fara, in ta sake kamawa ya rufe. In ya yi kuskure babu gyara, sai a ɗauko sabon kaki. John Hurt ya tuna cewa a Memphis a 1928 an hana shi motsa kai daga gaban makirufo, har wuyansa ya yi kwanaki yana ciwo. Abin da muke ji a faifai yanki ne na abin da suke yi, kuma kamfani ne ya zaɓi yankin. Da yawansu sun iya waƙoƙin rawa, na coci, na yayi har da na Turawan karkara, amma blues aka ce su yi domin shi ke sayuwa.

Wa ke nemo su, kuma nawa ake biyansu?

Akwai dillalai. Mafi shahara shi ne H. C. Speir, Bature mai kantin faya-fayai a titin Farish na birnin Jackson, wanda yake da na'urar gwaji a kantinsa. Ta hannunsa Patton da Skip James da Tommy Johnson suka kai ga kamfani, shi ne kuma ya fara sauraron Robert Johnson ya miƙa sunansa gaba. A Chicago akwai J. Mayo Williams, baƙar fata mai ilimin jami'a, wanda ya riƙe wa Paramount wannan sashe.

Biya kuwa na sallama ne: a ba ka kuɗin jirgi da wani abu a hannu, haƙƙin waƙa ya zama na kamfani ko na dillali. Son House ya samu dala 40 a aikin da ya yi wa Paramount a 1930, kuma ya ɗauke su kuɗi masu yawa in aka kwatanta da abin da gona ke bayarwa. Ana sayar da faifai ɗaya senti 75, ana tallarsa a jaridar baƙaƙen fata ta Chicago Defender, ana aika wa mutanen ƙauye ta gidan waya. Duk waɗannan faya-fayai a kundin talla na daban ake sa su, ware da na Turawa, kamar yadda aka ware makarantu da kujerun jirgi.

Me ya sa ƙarar shuu ta yi yawa, musamman a waƙoƙin Patton da Skip James?

Laifin Paramount ne mafi yawa. Asalinsa reshe ne na wani kamfanin kujeru a jihar Wisconsin, wanda ya fara ƙera akwatunan garmaho sannan ya shiga buga faifai don masu sayen akwatin su samu abin ɗorawa. Ana yin faifai da wani ƙaro da ake samu daga ƙwaro a Indiya, a haɗa da garin dutse, su kuwa sun yi ta rage ƙaron don tsimi. Faifansu tun yana sabo yake shuu. Ga kuma allurar ƙarfe ta garmaho da ya kamata a sauya bayan juyi ɗaya ko biyu, wadda talaka ke amfani da ita har ta cinye zanen.

Babbar asarar ta zo bayan kamfanin ya daina ɗauka a 1932. Faya-fayan ƙarfe na asali, waɗanda daga jikinsu ake buga sauran, yawancinsu an sayar da su a matsayin tarkace. Don haka abin da ke intanet yau an kwafo shi ne daga tsofaffin faya-fayan da aka tsinto a gidajen mutane. Wasu kwafi ɗaya tak ya rage a duniya. Wani faifan Son House na 1930 sai a 2005 aka gano shi, wani kuma na Tommy Johnson an saye shi sama da dala 37,000 a 2013. Waƙoƙin Robert Johnson da na Blind Willie Johnson sun fi fita tas saboda a hannun wasu kamfanoni suke.

Wane ne Charley Patton, da ake ta ambatonsa?

In za a ce mutum ɗaya ne ginshiƙin salon Delta, shi ne. An haife shi wajen 1891, ya tashi a gandun Dockery da ke bakin kogin Sunflower, inda ɗaruruwan iyalai ke noman auduga. Ƙaramin mutum ne mai murya kamar ta ƙato, ana jinsa daga nesa ba tare da lasifika ba. Ɗan wasa ne na gaske, yana kaɗa jita a bayan wuya, ya wurga ta sama ya cafe. Willie Brown, Tommy Johnson da Howlin' Wolf duk sun ɗebi wani abu a wurinsa. Hotonsa ɗaya ne aka sani, yana zaune cikin kwat da jita a cinya.

Ya fara faifai ranar 14 ga Yunin 1929 a Richmond ta jihar Indiana, ya bar waƙoƙi sama da 50 kafin ya mutu a watan Afrilun 1934. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da shi shi ne yadda yake kiran abu da sunansa. Yana ambaton garuruwa, yana ambaton jami'an da suka tsare shi. "High Water Everywhere", wadda ta cika fuska biyu na faifai, labarin ambaliyar kogin Misisipi ce ta 1927, wadda ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Yana lissafa inda ruwa ya kai gari bayan gari, yana dukan jikin jitar, yana tambayar kansa yana ba kansa amsa da wata murya daban, har ya ce zai nufi tudu amma an tare masa hanya. Wanda ya jure wa shuu ɗin da aka yi bayani a tambayar da ta gabata zai ji mutum yana faɗin abin da ya samu mutanensa.

Gaskiya ne Robert Johnson ya sayar da ransa ga Shaiɗan a mararraba?

Ƙanzon kurege ne, kuma ya zalunci mutumin. Asalin labarin ma a kan Tommy Johnson aka fara ba da shi, ɗan'uwansa ne ya faɗa wa wani mai bincike a shekarun 1960, daga baya aka liƙa wa Robert. Abin da ya faru ba shi da wani siddabaru. Son House ya san shi yaro ne mai damun mutane da jita, sai Robert ya ɓace zuwa yankin Hazlehurst inda aka haife shi a 1911, ya zauna wurin wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman yana koyo dare da rana, ya dawo gwani. Waƙarsa "Cross Road Blues" ba ta ambaci Shaiɗan ba. Mutum ne a bakin hanya yana roƙon Ubangiji jinƙai, rana tana faɗuwa, ba wanda ya tsaya ya ɗauke shi, kuma baƙar fata ya san abin da dare ke nufi a baƙon wuri a Misisipi.

Waƙoƙi 29 ya yi, 16 a wani ɗakin otal a San Antonio a watan Nuwamban 1936, sauran 13 a Dallas a watan Yunin 1937. Ya mutu ranar 16 ga Agustan 1938 kusa da Greenwood yana da shekara 27. Bambancinsa da na gabansa shi ne ya tashi yana sauraron faifai, ya ari abubuwa daga Skip James da Leroy Carr da Lonnie Johnson, ya kuma iya tsara waƙa ta cika minti uku cif. A zamaninsa bai yi tashen Jefferson ko Blind Blake ba. Sunansa ya cika duniya ne bayan Columbia ta tattara waƙoƙinsa a babban faifai a 1961, samarin Ingila irin su Eric Clapton da Keith Richards suka rungume shi. Gwani ne ba shakka, amma ƙarshen layi ne na wani zamani, ba mafarinsa ba.

Babu mata masu jita?

Akwai, kuma Memphis Minnie ta sha gaban maza da yawa. Ta fara faifai a 1929 tare da mijinta Kansas Joe McCoy, ta yi waƙoƙi kusan 200 cikin fiye da shekara ashirin, ta koma Chicago ta kama jitar lantarki tun da wuri. Akwai kuma Geeshie Wiley da Elvie Thomas, waɗanda waƙoƙi shida kawai suka bari a Paramount. "Last Kind Words Blues" ta Wiley tana cikin mafi ratsa jiki a duk abin da aka ɗauka a wancan zamani.

Yaya masu addini suka ɗauki wannan kiɗa?

Coci ta ɗauke shi kiɗan ɓata, iyaye suna hana 'ya'yansu. Mawaƙan da kansu sun rayu a tsakani. Son House mai wa'azi ne kafin ya kama jita, kuma har tsufansa bai daina jin ana jansa gefe biyu ba. Jefferson da Patton sun fitar da waƙoƙin addini da sunayen aro. Blind Willie Johnson kuwa bai yarda ya yi na duniya ba, waƙoƙinsa 30 da Columbia ta ɗauka daga 1927 zuwa 1930 na addini ne, da hannun blues. Ɗaya daga ciki, "Dark Was the Night, Cold Was the Ground", wadda babu kalmomi a cikinta sai nishi da kukan tsirkiya, an sa ta a faifan da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Shi kuwa ya mutu cikin talauci a Beaumont a 1945, bayan gobara ta cinye gidansa.

Ina jin kamar kiɗan gurmi ko na kukuma a ciki. Akwai dangantaka?

Kunnenka bai yaudare ka ba, masana ma sun ji haka. Paul Oliver na Ingila a 1970, da Gerhard Kubik na Ostiriya a 1999, sun nuna cewa tushen Afirka na blues ya fi karkata ga yankin Sahel da sabana, daga Senegal da Mali har ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, fiye da ƙasashen ganguna na bakin teku. Hujjarsu ita ce mawaƙi ɗaya da kayan tsirkiya, jan murya da lanƙwasa ta, da zama a kan sauti ɗaya ana kewaya shi. Kubik ya kwatanta da kiɗan wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960. A wasu yankunan Amurka an haramta wa bayi ganga, kamar yadda dokar Carolina ta Kudu ta yi a 1740, kayan tsirkiya kuwa aka bar su, kuma banjo kanta daga molayen Afirka ta Yamma ta samo asali. Wanda ya san Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa yana waƙar talakawa shi kaɗai ba zai ji Patton baƙo ba.

Duk da haka blues a Amurka aka haife shi. Harshensa Turanci ne, jitar daga Turai take, wasu sautukan daga waƙoƙin coci suke, kuma abin da ya haife shi rayuwar bayan bauta ce a kudu.

Me ya kawo ƙarshen zamanin, kuma ina suka shiga?

Karayar tattalin arziki ta 1929. Cinikin faifai a Amurka ya faɗo daga sama da faifai miliyan 100 a 1927 zuwa kusan miliyan 6 a 1932. Skip James ya yi waƙoƙinsa 18 a 1931, daidai lokacin da ba mai kuɗin saye. Daga nan kamfanoni suka koma ga ƙungiyoyin birni, jama'a kuma suna ta ƙaura zuwa arewa. John Lomax da ɗansa Alan sun ci gaba da ɗauka don ɗakin karatu na majalisar Amurka, a gidajen yari da gonaki. Su suka samu Lead Belly a kurkukun Angola na Louisiana a 1933, Alan kuma ya ɗauki Muddy Waters a gandun Stovall a 1941, shekara biyu kafin ya tafi Chicago.

Wasu sun rayu har aka dawo nemansu. A 1963 wani saurayi ya bi sunan garin Avalon da John Hurt ya ambata a waƙarsa ta 1928, ya same shi a can yana aikin gona, kuma a shekarar ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport. A watan Yunin 1964 aka samu Skip James a gadon asibiti a Tunica, aka samu Son House a Rochester ta jihar New York, ya daɗe da ajiye jita har sai da wani matashi ya tuna masa yadda yake kaɗa waƙoƙinsa. A wannan watan ne kuma aka kashe matasa uku masu fafutukar 'yancin zaɓen baƙaƙen fata a Misisipi. Hurt ya mutu a 1966, James a 1969, House a 1988.

Da wa zan fara, tunda ba na jin abin da suke faɗa?

Ko Ba'amurke yana shan wuya da lafazin Patton, don haka kada wannan ya hana ka. Fara da John Hurt na 1928 da "Statesboro Blues" ta Blind Willie McTell, sautinsu a fili yake. Sai Blind Willie Johnson da Memphis Minnie, sai Robert Johnson. In kunne ya saba, ka shiga faya-fayan Paramount: Jefferson, Blake, Skip James, Son House, Patton. Kamfanonin Yazoo da Document sun sake fitar da kusan dukkansu, yawanci kuma suna YouTube, inda za ka iya neman rubutattun baitocin ka bi da ido. Ka sa abin ji a kunne maimakon lasifikar waya, ka saurari waƙa ɗaya sau uku kafin ka wuce zuwa ta gaba.